Ciwon da ke kwanciya idan ina da ciki

Kwana 50 da haihuwata ta fari na tashi sallar asuba, na kai hannu zan ɗauki buta, yatsuna suka ƙi naɗuwa a jikin mariƙinta. Na ɗauka kwanciya na yi a kan hannun. Na gwada ɗayan, shi ma haka. Suna nan a miƙe, sun kumbura a tsakiya, kamar an cusa musu tsinke. Da tafukan hannu biyu na rungumo butar na yi alwala. Sai da hantsi ya ɗaga kafin suka saki, har na iya ɗaure wa yaro zanin goyo. Ban gaya wa kowa ba ranar. Washegari abin ya dawo, jibi ma ya dawo.

Ni tela ce. Tun ina 'yar shekara 14 nake kan keke a ɗakin Innarmu a Zariya, kuma da keken aka kai ni gidan miji a Kano. Duk wanda ya san ɗinki ya san aikin yatsa ne: zura zare a allura, riƙe almakashi, kama bakin atamfa a tura ta ƙarƙashin ƙafar keke, ɗinke maɓalli. Don haka ciwon hannu a wurina ya taɓa har abincina.

Abin da aka fara cewa shi ne ban gasu ba. Wannan magana ta yi mini ciwo, domin wankan gida na je, kuma Gwaggo ce da kanta ta yi mini shi. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya da ganyen darbejiya, tana fyaɗa mini har sai fatata ta yi ja. Kunun kanwa ban taɓa mayar da shi ba, naman kauri na ci, kwana 40 cif ban ƙetare ko ɗaya ba. Amma da na koma ɗakina hannu na ciwo, surukata Hajiya ta riƙe wuyan hannuna ta jujjuya ta ce, "Yarinyar nan sanyi ya shige ki. Wankan nan ba a yi shi da kyau ba." Aka sake ɗora tukunya. Kuma gaskiya idan na tsoma hannu a ruwan ɗumi da safe yakan ɗan saki, sai wannan ya ƙara tabbatar wa kowa, har da ni, cewa sanyi ne.

Da ruwan zafi ya gaza sai kemis. Mai kemis ɗin layinmu yakan ƙulla mini ƙwayoyi a 'yar leda, fari biyu, ja ɗaya, wani ƙarami. In na sha, cikin kwana biyu sai in ji kamar an zare mini ƙaya. In na daina, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Na yi wata da watanni ina sha. Fuskata ta yi faɗi ta zama kamar faranti, mutane suna cewa goyo ya karɓe ni, ga wani zafi da ke cin ƙirjina da daddare. Sai daga baya na san cewa ƙaramar ƙwayar nan irin wadda 'yan mata ke sha don su yi ƙiba ce, sauran kuwa magungunan kashe zafi ne masu haddasa gyambon ciki.

Yarona yana da shekara ɗaya da rabi na samu ciki na biyu. Na bar shan komai saboda tsoro. Ina jiran ciwo ya kayar da ni, sai ga akasin haka. Wajen wata na huɗu, wata safiya na farka na dunƙule hannuna, ya dunƙulu. Na buɗe, na sake rufewa. Na sauko daga gado ban ko wanke fuska ba na yaye ƙyallen da na rufe keke da shi, na ɗauki zare, na zura shi a allura a gwaji na farko. Na zauna a nan ina kuka ni kaɗai.

Cikin nan ya zo daidai da azumi. Na karɓi ɗinkin sallah har na rasa inda zan ajiye yadi. Ina zaune da tulun ciki a gaban keke har ƙarfe ɗayan dare, ba abin da ke damuna sai ciwon baya irin na kowace mai ciki. Zoben aurena da ya shekara a cikin kwalla na ciro shi ya shiga. Hajiya ta yi sadaka da waina, Inna ta ce addu'arta ce Allah Ya karɓa. Ni ma na yi imani na warke.

Na haifi 'ya mace lafiya. Sati shida bayan nan ciwon ya dawo, kuma bai dawo shi kaɗai ba. Ya kama wuyan hannu, ya kama gwiwoyi, ya kama tafin ƙafa, har in na taka ƙasa da safe ji nake kamar a kan tsakuwa nake tafiya. Ɗaukar jaririya daga kan katifa ya zama aiki: sai na zura hannuwa ƙarƙashinta har gwiwar hannu in tallabo ta da damatsa. Sau ɗaya ta kusa suɓuce mini a bakin baho. Tun daga ranar ban ƙara yi mata wanka ni kaɗai ba.

A nan ne maganganu suka canza. Ciwon da ke tafiya ya dawo a kan lokaci, aka ce, ba na Allah da Annabi ba ne, da hannu a ciki. An yi mini ruƙiyya, an kawo rubutu, an turara ɗakina, an sa na daina gaisawa da wata maƙwabciya da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Har yau in na tuna yadda na riƙa kawar da kai in mun haɗu a gidan suna, kunya takan rufe ni.

Hajiya ce ta fara lura da yadda abin ke tafiya. Wata rana tana kallona ina fama da murfin fulas ta ce, "Ni fa na gane. Ke maganinki ciki. Ba ki ga duk lokacin da kike ɗauke da shi garau kike ba?" Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da idonta ya gani ta faɗa, kuma idonta bai yi ƙarya ba. Maganar ta zauna mini a rai.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa gaya wa ko Inna ba. Na yaye 'yata tana wata 11, ba don nono ya ƙare ba, ba don ba ta da lafiya ba. Na yaye ta ne don in samu wani ciki in huta da ciwo. Na shafa maɗaci a nono, ta yi kwana uku tana kuka tana jan rigata, ni ma ina kuka, amma ban fasa ba. Wanda bai taɓa kwana yana jin gaɓoɓinsa kamar ana zuba musu garwashi ba zai yi saurin yanke mini hukunci. Ni dai na san na tauye mata haƙƙi, kuma ina neman gafarar Allah a kai.

Cikin ya samu, sauƙin ya zo, na haihu, ciwon ya dawo. A wannan karon na lura yatsun hannuna na dama sun fara karkata wajen ɗan ƙaramin yatsa, kuma ko lokacin da nake da cikin ba su miƙe ba.

Ƙanwata da ke karatun aikin jinya ita ce ta ja ni asibiti da ƙarfin tsiya. Daga asibitin unguwa aka tura mu asibitin koyarwa, sashen masu ciwon gaɓɓai. Likitocin wannan fanni 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, don haka sai da muka jira makonni kafin layi ya zo kanmu. Likitar mace ce. Ba ta fara da rubutu ba. Ta ɗora hannuwana biyu a kan tebur, ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya tana dannawa a hankali tana kallon fuskata. Ta tambaye ni ko hannu biyun ne ke ciwo tare, na ce e. Ta ce da safe sukan yi minti nawa a sandare, na ce ba minti ba ne, awa biyu ne, wani lokaci uku. Sai ta ce, "Malama, in kina da ciki fa? Yana lafawa?"

Ban iya amsawa ba. Shekara shida ina ɗauke da abin da na ɗauka ni kaɗai ce a duniya yake faruwa da ni, abin da aka kira sammu, ga wata baiwar Allah da ba ta taɓa ganina ba tana tambayata shi kamar yadda ake tambayar zazzaɓi.

An ɗebi jini, an ɗauki hoton hannu. Da sakamako ya fito ta ce ina da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, wanda likitoci ke kira rumatoyid. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa, abin da ban gane ba ƙanwata ta ƙara warware mini a gida, kuma tun daga lokacin ban daina neman sani a kai ba.

Garkuwar jiki, in ji ta, kamar 'yan sintirin unguwa ce. Aikinta ta gane baƙon da ya shigo da sharri, ƙwayar cuta ko makamanciyarta, ta far masa. A jikina sai ta rikice, ta ɗauki 'yar fatar da ke lulluɓe da gaɓoɓi a matsayin ɓarawo. Dukan da take yi mata shi ne kumburin da zafin, kuma in an bar shi ya daɗe yakan cinye guringuntsi har ya taɓa ƙashi. Ba sanyi ba ne, ba ruwan wanka ba ne.

To me ya haɗa wannan da ciki? Ta ce in yi tunani: ɗan da ke cikina rabinsa daga ubansa yake, wato a wurin garkuwar jikina baƙo ne. In aka dasa wa mutum ƙodar wani, sai an yi ta ba shi magani don kada jikinsa ya ƙi ta. Amma mace takan ɗauki ɗa wata tara jikinta bai kore shi ba. Wani masani ɗan Ingila, Peter Medawar, ya ɗora wannan tambaya a gaban masana tun 1953, kuma har yau ana tono amsarta. Wani babban ɓangare na amsar yana cikin sinadaran haihuwa, waɗanda ake kira homon. Da ciki ya kama, musamman da mabiyiya ta kafu, sai ta riƙa zuba sinadarai biyu cikin jini da yawan gaske, furojestaron da istirojin, ga kuma kotisol, wani sinadari mai kwantar da kumburi, da shi ma ke ƙaruwa. Waɗannan ba kashe garkuwar jiki suke yi ba, sauya mata hali suke yi. Ɓangarenta mai saurin kai hari da tayar da kumburi yakan lafa, wasu ƙwayoyin jini masu aikin tsawatarwa su ƙaru. Don a kare ɗan ake yin haka, ni kuma gaɓoɓina suka ci albarkacinsa.

Da an haihu mabiyiya ta fita, cikin 'yan kwanaki sinadaran nan su faɗi warwas. Furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, shi yakan ci gaba da yawa a jini in ana shayarwa, kuma shi yana cikin masu zaburar da garkuwa. 'Yan sintirin da aka tsawatar wa wata tara sai su fito da sandunansu. Shi ya sa ciwon ke dawowa a watanni ukun farko bayan haihuwa, daidai lokacin da mace ke gama wanka, daidai lokacin da za a ce wankan ne bai yi ba. Na tambaye ta ko in daina shayarwa ke nan. Ta ce a'a, akwai magungunan da ake sha ana shayarwa, kada in raba yaro da nono.

Ta gaya mini ba kowace mai wannan ciwo ke samun sauƙi da ciki ba, kamar rabi ne zuwa biyu cikin uku. Ta ce mata sun fi maza kamuwa da shi wajen ninki uku, kuma da yawa yakan fara musu ne bayan haihuwa ko dab da ɗaukewar al'ada, lokutan da sinadaran ke juyawa. Da ta faɗi haka na tuna kakata ta wajen uba da yatsunta suka lanƙwashe bayan ta manyanta, muna yara muna cewa tsufa ne.

Akwai labarin da ƙanwata ta karanto mini wanda ba na mantawa da shi. Wani likita a asibitin Mayo da ke Amurka, Philip Hench, ya lura da abin da Hajiya ta lura da shi: mata masu wannan ciwo suna samun sauƙi in suna da ciki. Ya rubuta shi a 1938. Ya ce lallai akwai wani abu da jiki ke samarwa mai kwantar da ciwon, ya shiga nemansa. A 1948 shi da abokan aikinsa suka yi wa wata mata da ciwon ya kwantar allurar kotizon, ɗan'uwan kotisol ɗin nan, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da wasu masana biyu. Ƙaramar ƙwayar da mai kemis ke ƙulla mini a leda jikanyar wannan magani ce. Shi ya sa take aiki kamar sihiri, shi ya sa kuma take da haɗari in an sha ta ba ƙa'ida, ba likita. Na ce wa ƙanwata, ashe Hajiya da Baturen nan abu ɗaya suka gani. Shi ya tafi neman dalili, mu muka tsaya a kan cewa in ƙara haihuwa.

Hoton hannuna shi ya fi komai taɓa ni. Likita ta ɗaga shi jikin fitila ta nuna mini bakin ƙasusuwan yatsu, inda suka yi kamar ɓera ya gutsura. Ta ce wannan ba ya dawowa. Ciki yakan ba da hutu na 'yan watanni, amma ba ya gyara abin da ya lalace, kuma duk dawowar ciwo bayan haihuwa tana ƙara cin wani wuri. Da na zo a shekarar farko, da yatsuna suna nan a miƙe. Na yi fushi ranar, fushi mai tsanani, amma na rasa wanda zan ɗora wa. Gwaggo ta yi abin da ta sani, Hajiya ma haka. Abin da ya fi tsaya mini shi ne na je awo a ciki biyu bayan ciwon ya fara, na zauna a gaban ma'aikata, ban taɓa ambatar hannuna ba, domin a lokacin awo ba ya ciwo.

Maganin da ya fi dacewa da ni shi ne metotirezet. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuma likita ta maimaita mini wannan har sau uku domin shan sa kullum yana iya kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci. Matsalarsa ita ce yana zubar da ciki ko ya nakasa ɗa, kuma ba a shayarwa da shi. Don haka ba zan fara shan sa ba sai lokacin yaye ya yi na yaye, kuma sai da tazarar haihuwa tabbatacciya. Ta ce in zo da maigidana.

Na ji tsoron wannan zama fiye da allura. Baban yara mutum ne mai son 'ya'ya, kuma maganar tazara ba a taɓa yin ta a gidansu ba. Ya zauna ya saurara, hularsa a gwiwa. Da aka nuna masa hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya kalli hannuna na gaske kamar ranar ya fara ganinsa. Ya ce, "Likita, in ta sha, hannun zai daina lalacewa?" Ta ce da yardar Allah, in an dage. Ya ce to a yi. Shi ya je ya yi wa Hajiya bayani, ban san me ya gaya mata ba, na dai san da ta zo ta ce mini, "Allah Ya ba ki lafiya, 'yar nan. Mu ba mu sani ba."

A layin asibitin na san wata mata daga Haɗeja da nake so masu karanta wannan su san irin nata, don kada wata ta ji labarina ta ce ciki magani ne. Ita lufus take da shi, shi ma garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita, amma yakan taɓa fata da ƙoda da jini. A cikin masu shi goma, tara mata ne, yawanci a shekarun haihuwa. Ita ciki tayar mata da ciwon yake yi. Sinadaran da suka kwantar da nawa su ne ke iya hura nata. Ta yi ɓari uku, ƙafafunta suka kumbura, ƙodarta ta taɓu, kafin a gano. Muna zaune a benci ɗaya, ni ina ba ta labarin yadda nake jiran ciki kamar ruwan sama, ita tana gaya mini yadda take tsoronsa.

A nan ne kuma na fahimci zazzaɓin cizon sauron da ya kusa kai ni lahira a cikina na fari, ni da na girma ina shan sa kamar mura. Sauyin garkuwar nan yana da farashinsa, kuma ƙwayar zazzaɓin takan maƙale a mabiyiya, musamman a cikin fari. Fansidar da ake ba mu a wurin awo daga wata na huɗu, wadda na riƙa ɓoyewa a bakin zani ina zubarwa, saboda haka ake ba da ita.

Magani bai yi aiki dare ɗaya ba. Sai da na yi kusan wata uku kafin in ga bambanci, ga tashin zuciya duk washegarin ranar sha. Amma sandarewar safe ta ragu daga awa biyu zuwa minti goma. Na koma keke. Yatsu biyu na dama ba su miƙe ba kuma ba za su miƙe ba, don haka na sayi almakashi mai faɗin mariƙi na naɗe shi da ƙyalle, aikin maɓalli da duwatsu kuma na bar wa yaran da nake koya wa.

Bayan shekara huɗu muka so ƙarin haihuwa, kuma wannan karon da shiri aka yi. Likita ta tsayar da metotirezet wata uku kafin in cire abin tazara, ta mayar da ni kan haidirokzikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani, tare da wani da ba ya cutar da ciki. Sauƙin nan ya sake zuwa a wata na huɗu, na ji daɗinsa, amma ban ajiye magani ba. Tun kafin in haihu an rubuta ranar da zan koma asibiti. Gwaggo ta tsufa, Inna ce ta yi mini wanka, na roƙe ta ta sirka ruwan, ta sirka. Ciwon ya leƙo a sati na bakwai, aka ƙara mini magani na ɗan lokaci, ya koma. Wannan yarinyar na shayar da ita wata 22.

Yayarta, wadda na yaye da maɗaci, yanzu tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Ita ke zura mini zare da safe kafin ta tafi makaranta, ta jera mini allurai huɗu a jikin ƙyalle, kowace da launinta. Kwanan baya tana yi ta kama yatsana mai lanƙwasa tana ƙoƙarin miƙar da shi a hankali, ta ce, "Umma, yana miki zafi?" Na ce mata yau ba ya yi. Ta saki, ta ɗauki jakarta, ta ce in ta dawo za ta taya ni yanka.